Shawar Injiniya Mainasara

A shekarar da kamfanin Turawa na gyaran hanya ya tashi daga sansaninsa na tsakanin Anka da Gummi, kowa ya samu abin da ya ɗauko. Wani tsohuwar duro, wani kwanon rufi. Mainasara kuwa ya ce shi ba ƙaramin mutum ba ne, don haka ba zai ɗauki ƙaramin abu ba. Ya ba wani ɗan kwangila shanun huɗarsa guda biyu, aka ba shi karaban, wato ɗakin nan mai taya da manyan ma'aikatan kamfanin ke kwana a ciki. Tarakta ce ta jawo shi har ƙofar gidansa a Gummi, rabin unguwa na biye. Ya sa aka ɗora shi kan bulo hawa huɗu, wai masaukin manya sai da tsayi.

Wata bakwai Mainasara ya yi a kamfanin nan, kuma aikinsa bai wuce tsayawa bakin hanya da jan ƙyalle yana tsayar da motoci ba. Amma tun ranar da ya dawo gida da hular kwano ruwan ɗorawa, bai ƙara amsa sallamar wanda bai ce masa Injiniya ba.

Shirinsa babba ne. Fataken shinkafa da ke zuwa kasuwar Gummi a barandar shaguna suke kwana, su yi wanka a bakin gulbi. Kawunsa, Alhaji Labbo, shi ne babba cikin dillalan shinkafa, inda ya nuna wa baƙo nan baƙo yake sauka. Kuma Kawu ya yi alkawari cewa in ya gani da idonsa wurin ya yi, baƙinsa na Mainasara ne.

Matarsa Baraka ta tsaya bakin zaure tana kallon karaban ɗin, ta ce, "Baban Asma, in damina ta taho, da mi za mu huɗa?"

"Wa ka maganar huɗa?" in ji shi. "Taho ki ga abu."

Ya kai ta wani ɗan lungu a ƙarshen ɗakin, wanda bai fi mutum ɗaya ya tsaya ba. Ƙasansa farin farantin roba ne mai rami a tsakiya, sama kuma ga wani ƙarfe mai huji-huji.

"Wagga ita aka kira shawa. Mutum shi tsaya, shi murɗa nan, ruwa shi zubo mai bisa kai kamar hadari. Ba bokiti, ba moɗa. Duk ƙasar Gummi da Bukkuyum babu falken da zai ji labarin ga bai taho ba."

Aka kira 'yan garuwa suka cika tankin da ke bisa rufin. Mainasara ya murɗa, ruwa ya zubo, ya yi kabbara. Sai suka ji wata murya daga waje tana cewa, "Injiniya, ɗakin naka hitsarin kwance shi kai?"

Gwadabe ne, ɗan Kawu Labbo, masunci, taubashin Mainasara, wanda duniya ba ta ba shi wani aiki da ya fi masa tsokanarsa daɗi ba. Yana tsugune yana leƙen ƙarƙashin karaban ɗin, inda ruwa ke tsiyaya ta ko'ina ban da ta bututun da aka yi dominsa. Agwagin maƙwabta har sun fara taruwa.

Baraka ce ta aika aka kira Sanda mai gyaran famfo. Sanda ya shiga ya duba, ya sa farce ya ɓanɓaro wani tsohon abu mai kama da busasshiyar igiya daga inda farantin ya haɗu da bango.

"Yaya, abin ga ba shi da wuya. Gam ɗin da anka liƙe bakin da shi ne ya mutu. A kankare shi tas, a bari wurin shi bushe, sannan a bi da silikon, irin na banɗaki wanda ba ya funfuna. A ba shi kwana guda ba a taɓa ba. Shi ke nan."

Ya ciro wani ɗan gwangwani mai dogon baki daga jakarsa, ya matso ɗan kaɗan a yatsa. Mainasara ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya latsa.

"Wanga abu mai tsami kamar ruwan tsamiya? Mai taushi kamar man goge baki? Shi ne zai tare ruwa?"

"Taushin shi ne amfaninai, Yaya. Ɗakin ga ba gini ne ba. In mutum ya taka, motsi shi kai. Sai abin da ka bin motsin."

"Sanda, shekararka nawa kana aiki da Turawa?"

"Ban taɓa ba."

"To ni na yi. Kwashe man goge bakinka."

Gwadabe ya ce, "Gaskiya ne, Sanda. Injiniya ya tsai da tirela da ƙyalle guda. Ruwa mi ne ne?"

Mainasara bai ji wannan a matsayin ba'a ba. Ya gyaɗa kai.

Washegari ya sayo siminti. Abin da ya riƙe gadar gulbi, in ji shi, ba zai kasa riƙe wankan falke ba. Ya kwaɓa ya labta a kewayen farantin, ya tada ɗan dakali mai tsayin taƙi guda har ta bakin ƙofa, ya shafe da cokalin magina, ya sa ƙusa ya rubuta sunansa a jiki. Kwana biyu yana yayyafa masa ruwa kamar mai renon dashen albasa. A rana ta uku ya kira Gwadabe shaida. Yana ɗora ƙafa kan matakala karaban ya ɗan yi girgiza, suka ji ƙas! Tsaga ta bi dakalin daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta raba sunansa biyu.

"Simintin zamani," in ji Mainasara. "Duk ƙasa ce anka zuba ma launi."

Ya ƙara rabin buhu a bisa na farkon. Shi ma ya tsage, a daidai wurin. Agwagi suka dawo, wannan karon da 'ya'yansu.

Daga nan ya ce kayan Bature sun ci amanarsa, zai koma na gargajiya. Ya samo ƙaro, ya jiƙa, ya dama da ragowar tuwon shinkafa har ya yi danƙo, ya cusa a cikin tsagar ya lailaye.

Gwadabe ya riƙe baki. "Ƙaro? Wanda malamai ka narkawa da ruwa su yi tawada? Shi za ka sa gadin ruwa?"

"Ba ka san sirrin tuwon ba."

Ba a ma kai ga gwada ruwan ba. Da hantsi Baraka ta ji motsi a cikin karaban, ta leƙa, ta tarar da akuyarta ta hau matakala ta shige shawa, tana lasar aikin Injiniya hankali kwance. Abin da akuya ta rage cinnaku suka gaje. Da Mainasara ya durƙusa zai duba ɓarnar, suka hau shi ta ƙafar wando. Matan unguwa da ke dawowa daga rijiya sun ce ba su taɓa sanin yana da rawa haka ba.

Sati uku ke nan ana wannan fama, kullum ana zuba ruwa, kullum ruwa na bi ta inda ya ga dama. Kawu Labbo ya aiko cewa ranar kasuwa mai zuwa manyan baƙinsa za su iso, in wuri ya kammala a faɗa masa, in bai kammala ba kada a ɓata masa lokaci. Mainasara ya ce wa ɗan aiken ya koma ya ce wuri ya wuce kammala.

Yana zaune kan matakala yana susar cizon cinnaku sai ya buga cinya. Kwalta! Shi da ya yi wata bakwai yana kallon ana malala ta, yaya aka yi ya manta? Damina nawa ke sauka kan titi ba ta huda shi ba? Ya hau babur har tsohon sansanin, ya sa gatari ya saro dunƙule daga gindin wata duro. Da ya dawo Baraka ta tafi barkar suna, sai ya ɗauki babbar tukunyarta ta tuwo ya aza a murhu.

Hayaƙin ne ya dawo da ita gida da gudu, tana zaton gobara ce.

"Innalillahi! Tukunyar da Inna ta ba ni?"

"Aro ni yi. Ana gamawa a wanke."

"A wanke kwalta? Da wane gulbi?"

"Baraka, matar mai masauki ba ta kukan tukunya."

"To mai masauki, yau sai ka ci tuwonka cikin hular kwano."

Gwadabe, wanda warin ya jawo, ya tsaya nesa yana toshe hanci. Wannan karon ba wasa a muryarsa. "Taubashi, bari in hwaɗa ma gaskiya sau guda. Mu ma muna liƙe jirgi da kwalta. Amma jirgi cikin ruwan sanyi shi ka wuni. Naka kwano ne, cikin ranar bazara."

"Ka ji hassada. Kai ka liƙe jirgi da ita ta yi, ni in liƙe shawa ba ta yi?"

Ya ɗauki tukunyar da tsumma ya shiga. Nufinsa ya bi gefe-gefe ne kawai, amma kwalta ba ta san gefe ba. Ta kwarara ta mamaye farantin gaba ɗaya, robar ta yi ƙara ta ɗan lotsa, farin wuri ya koma baƙi ƙirin. Mainasara ya duba, ya ga abin ya yi sheƙi, ya ce dama haka ya tsara. Ramin tsakiya da ruwa ke fita ta cikinsa ya shafe, amma da yake komai ya zama baƙi, bai lura ba.

Da sanyin safiya ya ƙwanƙwasa, ya ji tauri kamar titi. Ya tuttula buta guda, ya sauko da sauri ya leƙa ƙasa. Ko ɗigo. Agwagi suka zo, suka zagaya, suka tafi.

"Gwadabe! Taho ka dibi aikin masu ilimi!"

Gwadabe ya leƙa. "Awo, bai zuba ba. To ina ruwan ya tahi?"

"Ina ruwanka da inda ya tahi? Ya zuba ko bai zuba ba?"

Ranar kasuwa, bayan azahar, rana ta take kamar za ta fasa kai. Mainasara ya shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, ya sa babbar riga ya ɗora hular kwano. Kawu Labbo ya iso da fatake huɗu, manyan mutane masu tumbi da carbi. Unguwa ta taru, har da Sanda, wanda ya ce shi kallo kawai ya zo. Mata suna leƙe ta saman katanga.

Aka zagaya da baƙi suka ga gado, suka ga taga mai labule, suka yaba, duk da zufar da ta jiƙa su cikin ɗan lokacin. Da aka zo shawa Mainasara ya yi jawabi. Ya ce an kawo masa shawarwari iri-iri daga masu ƙaramin sani, amma shi ya yi amfani da fasahar da ake gina manyan tituna. Sannan ya ce, "Kawu, bismilla. Kai za ka buɗe ta."

Kawu Labbo ya leƙa, ya shaƙi warin, ya ja da baya. "A'a, ɗana. Mai abu shi ka farawa. Mu muna waje muna saurare."

Kowa ya sauko. Mainasara ya tuɓe, ya bar gajeren wando, ya shiga ya ja ƙofa ya sa sakata. Akwai 'yar taga daidai kansa, ta nan ya leƙo yana ba jama'a labari.

"To jama'a, ga ni na shigo. Ƙasa lafiya lau, har da ɗan taushi don jin daɗin ƙafa. Yanzu zan murɗa."

Ya murɗa. Tankin nan baƙi ne, kuma tun safe yake shan rana.

"Wayyo!"

"Lafiya?" in ji Kawu.

"Lafiya, Kawu! Ruwan zahi ne! Shi ma cikin tsari shi ke. Ba a biyan ƙari."

Ya so ya matsa gefe ya kauce wa ruwan, sai ƙafar dama ta ƙi zuwa. Ya dogara da ta hagu don ya zare ta, ta hagun ta nutse har idon sawu. Kwaltar da ta yi tauri da safe ta koma kamar kunun kanwa mai kauri, ta kama shi riƙon gaske. Ya dubi ƙasa, ya ga ruwa bai tafi ko'ina ba. Dakalin simintinsa ya tare shi ta kowane gefe, kwalta ta toshe tsagar, ruwa na hawa. A ransa ya ce, to Mainasara, yau dai ka tare ruwa.

"Injiniya, mun ji ka yi shiru," in ji Gwadabe.

"Sabulu ni ka shafawa!"

"Ka shiga da sabulu? Ga shi nan bisa matakala."

Ya ga ba mafita sai ya kashe ruwan tukuna. Ya kama kan famfon, amma maimakon ya murɗa, sai ya ce bari ya ja jikinsa da shi ya ciro ƙafa ɗaya. Ya ja da ƙarfinsa duka. Kan famfon ya taho a hannunsa. Ruwa ya daina bi ta sama, ya fara feso shi a ciki kai tsaye.

Ɗaya daga cikin fataken ya ce, "Alhaji, wannan ƙara ta mece ce?"

Mainasara ya leƙo da fuska sharkaf. "Mataki na biyu ne, ranka shi daɗe! Na wankin ciki!"

Sanda ya miƙe. "Yaya, buɗe ƙofa in shigo."

"Kada wanda ya shigo! Komi na tahiya daidai!"

Gaskiyar ita ce hannunsa ba ya kaiwa ga sakatar, don ya juya mata baya kafin ƙafafun su kafe. Ruwa ya kai ƙwauri. Sai dabara ta zo masa, irin dabarun da ke zo masa. Ya ce in ya yi tsalle da ƙafa biyu lokaci guda, dole kwalta ta sake shi. Ya durƙusa, ya yi bismilla, ya zabura.

Kwalta ba ta sake shi ba. Katakon da ke ƙarƙashin farantin ne ya sake. Sati uku yana shan ruwa, ga nauyin siminti, ga ruwan wanka, ga Injiniya. Jama'a suka ji ruuum! Fuskar da ke taga ta ɓace. Ruwa ya ɓarke ta ƙarƙashin karaban ya malalo har kan tabarmi, fatake suka tattare riguna suna tsalle. Da ƙura ta lafa, sai ga ƙafafu biyu tsaye a ƙarƙashin ɗakin, baƙaƙe har ƙwauri, manne da farantin roba, gajeren wando na ɗigar ruwa. Sauran mutumin yana ciki.

Sai murya ta fito daga sama, a hankali.

"Kawu?"

"Na'am."

"Baƙin na nan?"

"Suna nan."

"Duk sun gani?"

"Rabinka dai sun gani."

Gwadabe ne ya fara faɗuwa ƙasa don dariya. Daga nan ba wanda ya iya riƙewa. Kawu Labbo, wanda aka sani da ɗaure fuska a kasuwa, ya cusa bakin rawani a baki, kafaɗunsa na rawa. Wata tsohuwa a bayan katanga tana ta salati tana dariya a haɗe.

Sanda ya hau rufi ya toshe tanki, sannan shi da Gwadabe suka rarrafa ƙarƙashi. Suka ce wa Mainasara ya ɗaga hannuwa sama ya tsuke ciki, suka kama farantin suka ja. Ya zamo ta ramin kamar an zare tarwaɗa daga gora, suka jawo shi fili a kwance, ƙafafu a haɗe, kan famfo har yanzu a hannunsa. Ya kwanta yana kallon sama, jama'a sun yi masa rumfa da kawuna.

Babban falken ya share hawaye ya ce, "Malam Injiniya, in mun sauka nan, mu ma ta ƙasa za mu riƙa fita?"

Mainasara ya buɗe baki zai kawo bayani. Yana da guda biyu ma a shirye, ɗaya kan katakon zamani, ɗaya kan hassada. Sai ya dubi ƙafafunsa a cikin farantin, kamar an kawo kan rago a tire. Dariya ta kuɓuce masa.

"A'a, ranka shi daɗe. Wagga ƙofa ta mai gida ce."

Kwana uku Baraka tana goge masa ƙafa da kananzir da man gyaɗa, kwalta na fita tare da gashin. Duk ihun da ya yi sai ta ce, "Yi haƙuri, mataki na biyu ne." Fatake suka koma barandarsu. Da damina ta sauka, Mainasara da fartanya ya yi huɗa, rabin gonar ma bai kai ba sai da Kawu Labbo ya tausaya ya turo masa shanunsa na kwana biyu. Labari kuwa ya riga shi zuwa ko'ina, kuma da ya ga kowa na ba da shi ba daidai ba, sai ya karɓe abinsa. A majalisa shi ke tashi ya nuna yadda ya yi tsallen.

Cikin wannan daminar wani mutum ya zo daga Bukkuyum yana tambayar gidan Injiniya. Rufin shagonsa ne ke yoyo, kuma wani mai mugun wasa a tasha ya ce masa duk yankin ba wanda ya san sirrin tare ruwa kamar Mainasara na Gummi. Ya same shi a ƙofar gida, Gwadabe na gefe yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Mutumin ya yi bayani tiryan-tiryan. Mainasara ya saurara da kyau, ya gyara zama, ya yi gyaran murya, idonsa ya fara wannan ƙyallin da Gwadabe ya sani.

"Kana da takarda da biro?"

"Ina da su, Injiniya."

"To rubuta. Zan hwaɗa ma duk abin da ni zan yi in rufin nawa ne, ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake ko guda."

"Sai in je in yi su?"

"A'a. Sai ka liƙa takardar a bango. Duk wanda ya zo ma da shawarar da ke cikinta, ka kore shi."